Zumar Ranar Zaɓe

Karan masara na farko ya daki gilashin motar Mataimaki tun kafin maigadi ya gama ture ƙyauren ofis. Na biyu ya shigo ta taga ya faɗo masa a cinya, a tattake, da laka, a kan farar rigar da ya sa aka goge masa musamman saboda wannan safiya.

Manoma ne cike da bakin ƙofa, maza da mata, kowa riƙe da abin da ya tsinto a gonarsa. Ba ihu suke yi ba. Jifa kawai suke yi a natse, kamar masu sauke kaya daga mota.

"Me ya faru?" Mataimaki ya tambayi maigadi bayan ya samu ya kutsa ciki.

"Giwaye ne, ranka ya daɗe. Da asuba suka keto shinge. An ce ba su bar gona ɗaya a tsaye ba."

"Ta wane ɓangare?"

"Ta gabas."

Mataimaki ya kashe mota, amma bai fito ba. Da an ce masa yamma ko kudu, da tuni ya diro da faɗa yana neman mai laifi. Gabas kuwa ya san ta. Ya kuma san abin da ke jere a kan teburin taro a bene, domin shi ya jera da hannunsa jiya da yamma.

Ƙungiyar tasu aikinta shi ne ta kare namun dajin gandu daga mutane, ta kuma kare mutanen ƙauyukan gefen gandun daga namun daji. Kwamitin amintattu ne ke riƙe da ita, kuma yau ne Baba Shugaba, wanda ya kafa ta, zai sauka daga kujera saboda ido da gwiwa sun ƙi. Mutum biyu ke neman kujerar. Ɗaya Mataimaki ne, wato mataimakin Baba Shugaba. Ɗayar kuwa ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, autar gidansu, wadda kowa ke kira Likita domin likitar dabbobi ce.

Abin da ke ƙona masa rai ke nan. Ginin ofishin nasa ne, shi ya bayar. Fentin bangon daga shagonsa na kayan gini ya fito. Shekara da shekaru yana riƙe wa Baba jaka, yana buɗe masa ƙofar mota. Ita kanta Autar shi ya kawo ta kwamitin don a cike gurbi, yana cewa a ransa yarinya ce, duk inda ya ɗaga hannu za ta ɗaga. Sai ta zo da maganar ƙudan zuma. Giwa, in ji ta, duk girmanta tana tsoron ƙudan zuma ya shiga mata hanci. Aka rataye amyoyi a kan sanduna a bakin gonaki, aka haɗa su da wayar ƙarfe. Giwa ta taɓa waya, amyoyi su girgiza, ƙudaje su fito, garke ya juya da gudu. Abin ya yi aiki, kuma tun daga lokacin sunansa ya koma "yayan Likita." Uwar garken ma "Giwar Likita" manoma ke ce mata. A hoton da jarida ta buga Likita ce a tsakiya tana dariya, shi kuwa kafaɗarsa ce kawai ta fito, da rabin kunne.

Shingen yana da doka wadda Likita ta maimaita har kowa ya gaji da ji. Ba a ɗiban zuma sai masara ta shiga rumbu. In kuma za a ɗiba, a ɗebi amya ɗaya a tsallake ta kusa da ita, don kada shinge ya zauna babu masu gadi. Makon jiya, da aka gayyace ta ƙasar waje karɓar lambar yabo, Mataimaki ya ɗauko masu ɗiban zuma daga kasuwa ya tura su gabas. So yake ranar zaɓe kowane ɗan kwamiti ya tarar da kwalbar zuma a gabansa, zumar farko ta ƙungiya, da hotonsa a jiki sanye da hular raga ta masu kiwon zuma. Mutanen suka shiga da wuta da hayaƙi, suka kwashe komai har saƙar da 'ya'yan ƙudan ke ciki, ba su tsallake ko ɗaya ba. Bai tambaye su ina ƙudajen suka nufa ba. Hankalinsa na wurin mai buga hoto.

Ya haura benen yana haki. Ya yi sa'a mutum ɗaya ne a ɗakin, amma bai yi sa'ar mutumin ba. Lauya ne, mai ba kwamiti shawara kan doka, zaune ya miƙe ƙafa, yatsarsa a cikin kwalba.

"Ka ga hular nan ta karɓe ka," in ji Lauya yana kallon hoton. "Kamar amaryar da aka lulluɓe da gidan sauro."

"Ajiye ta."

"Zumar ta yi ruwa, amma akwai daɗi. Daga ina?"

Mataimaki ya jawo kwali daga bayan ƙofa ya shiga zuba kwalabe ciki ba tsari, suna karo da juna. Ɗaya ta yi wata 'yar ƙara da bai so ba. Ya tura kwalin ƙarƙashin teburi da ƙafa, ya ja ƙyallen teburin ya rufe.

Lauya ya lashe yatsarsa, ya dubi taga inda hayaniyar manoma ke shigowa, ya dubi ƙarƙashin teburi, sannan ya yi wata 'yar dariya ta cikin hanci.

"Af. To, ni dai ban ga komai ba, idona yana ba ni matsala kwanan nan." Ya rufe kwalbarsa ya jefa a jaka. "Sai dai in ka hau kujerar Baba, taka za ta zauna babu kowa. Ba kyau a bar kujera ta yi ƙura."

"Za mu yi magana."

"Mun ma yi."

Aka ji sandar Baba a matakala. Malama ce ke riƙe da hannunsa, tsohuwar shugabar makaranta wadda ke rubuta abin da aka tattauna. Bayansu Dogo ne, wakilin manoma a kwamitin, wandonsa jiƙe da raɓa har gwiwa. Bai gaishe da kowa ba. Ya ajiye zangarniyar masara ɗaya a kan teburi, wadda giwa ta taka ta zama kamar tabarma.

Baba ya zauna da ƙyar, ya ɗaga hanci ya shaƙi iska.

"Ɗakin nan yau ƙamshi yake yi."

"Maganin sauro ne, Baba," in ji Lauya. "Sabon samfuri."

"Ashe. Ina 'yata Likita?"

"Daga filin jirgi ta wuce gonakin," in ji Malama. "Ko gida ba ta je ba."

Mataimaki ya ji maganar ta soke shi. Ko gida ba ta je ba. Haka za a yi ta faɗa har shekara ta zagayo. Shi da ya kwana bai runtsa ba saboda ƙungiyar nan, ba wanda zai ce ko barci bai yi ba.

Ba a daɗe ba ta shigo. Takalman roba ne a ƙafarta, laka har idon sawu, jakar tafiya har yanzu a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe da Baba, ta juyo.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya, Auta."

Da gangan yake ce mata Auta a wurin taro, don a tuna wa ya riga wa zuwa duniya. Ita kuwa ba ta taɓa nuna ta ji ba, wannan ma haushi yake ba shi.

"Gaya mana," in ji Baba.

"Amyoyin gabas babu komai a ciki, Baba. Ba zuma, ba ƙudaje. An ƙona bakinsu da wuta. Giwar ta zo ta taɓa waya kamar yadda ta saba, ta ji shiru, ta sake taɓawa, sai ta kira sauran. Sawunta yana nan, ta daɗe a tsaye kafin ta yarda."

"Ɓarayi ne?" in ji Malama.

Dogo ya girgiza kai. Bai dubi Likita ba, zangarniyar yake kallo.

"Ba ɓarayi ba ne. Da rana tsaka suka zo, suka ce daga ofis aka turo su. Mu kuma muka ce ai duk abin da ya shafi amya Likita ta sani. Har ruwa muka ba su." Ya ɗago ya dube ta. "Likita, ke kika hana mu taɓawa. Ɗana ya taɓa sa kara ya lasa, na yi masa dukan da uwarsa ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Sai kuma ki aiko baƙi?"

Mataimaki ya ɗauki kofin ruwa ya kai baki, ya tarar babu komai a ciki, ya ci gaba da riƙe shi a bakin.

Likita ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tsaya. Ta gyara ƙafa, takalminta ya ɗago daga ƙasa da wata ƙara kamar an ɓare takarda. Ta sunkuya ta ɗaga gefen ƙyallen teburin.

Mataimaki ya san abin da take gani. Kwalbar da ta fashe ta jiƙa gindin kwalin, zuma ta biyo siminti a hankali har wurin ƙafarta. A saman kwalin kuwa fuskarsa ce jere, cikin hular raga, tana murmushi.

Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, ba ta dube shi ba.

"Me kika yar?" in ji Malama.

"Ba komai."

Baba ya jingina haɓarsa a kan sanda. "'Yata, tambaya ɗaya zan yi miki. Ke kika tura su?"

Mataimaki ya shirya. Ya riga ya tsara abin da zai ce: shi yayanta ne, shi ya goya ta, ƙazafi take yi masa saboda kujera. Har wani ɓangare na zuciyarsa yana so ta faɗa, ta ɗaga murya, ta nuna shi da yatsa, kowa ya ga ita ma mutum ce mai son abin duniya.

"Shingen a hannuna yake, Baba," in ji ta. "Na tafi ban bar wanda zai tsare shi ba. Duk abin da ya same shi, ni ce."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Shi ne amsar da nake da ita. Kuma ina roƙon a cire sunana daga zaɓen yau. Wadda gonaki suka lalace a hannunta ba ta da fuskar neman kujera."

"Kai, yarinyar nan," in ji Malama a hankali, ta ajiye biro ta share ido da gefen mayafi. Dogo, wanda ya shigo da niyyar faɗa, ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin.

Mataimaki ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Laifin ma ta ƙwace. Ta ɗauke shi ta yafa kamar sabon mayafi, kuma ya yi mata kyau. Da shi ne ya miƙe ya ce shi ne, da Malama ba za ta yi hawaye ba, tsaki za ta ja.

"To, doka a fili take," in ji Lauya da sauri. "In ɗan takara ɗaya ya rage, ɗaga hannu kawai ake yi."

Ya ɗaga nasa tun kafin ya rufe baki. Likita ta ɗaga. Malama ta ɗaga rabi, gwiwar hannunta na kan teburi. Dogo ya ɗaga yana kallon bango. Baba bai ɗaga ba, ya ce hannunsa na ciwo, amma ai an samu rinjaye.

Ya miƙe da taimakon Malama, ya dafa bayan kujerar.

"Zo ka zauna, ɗana. Ka daɗe kana kallonta." Da Mataimaki ya matso, tsohon ya kama hannun rigarsa ya jawo shi kusa, ya yi ƙasa da murya. "Idona ne ya tafi. Hancina yana nan."

Mataimaki ya zauna. Kujerar ta fi yadda yake zato tauri, kuma ƙafarta ɗaya tana rawa. Lauya ya tafa shi kaɗai, sau biyu, ya daina.

"Aikin farko," in ji Dogo, "mutanen da ke ƙasa. Suna jiran magana."

Sabon shugaba ya gyara rigarsa ya fita baranda. Ya yi gyaran murya, ya ɗaga hannu biyu kamar yadda ya ga Baba na yi. Ya fara da cewa a matsayinsa na shugaba yana jajanta musu, kuma zai kafa ƙaramin kwamiti.

"Wane ne wannan?" wata tsohuwa ta tambaya daga ƙasa, ba ta ma rage murya ba.

"Yayan Likita ne."

"To, ya turo mana ita."

"Ita ce ta ce laifinta ne," in ji Dogo daga bayansa, don ya taimaka.

"Mun ji. Ko laifin nata ne, ita muke so ta yi mana bayani. Ita ta san sunan gonar kowa."

Mataimaki ya komo ciki. Likita tana bakin matakala tana goge tafin takalminta da tsumma. Ya tsaya a kanta, ya tabbatar ba mai jinsu.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗi me, Yaya?"

"Kada ki raina mini hankali. Kin gani."

"Na gani. Hoton ya yi kyau." Ta ninke tsumman. "So kake in koma gida in ce wa Inna na tsaya gaban mutane na tona wa babban ɗanta asiri? Da hawan jininta? Kai za ka kai ta asibiti ko ni?"

"Ba don Inna kika yi ba. Don a ce kin fi ni kika yi."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi sosai. Idonta ja ne, na gajiya da na wani abu dabam.

"Da ka ce mini kujerar kake so har haka, wallahi da na bar maka tun farko. Ni ba na son taro, ka sani. Ƙudajen nan sai da na yi damina biyu ina lallashinsu kafin su zauna."

"Ba na son abin da aka bar mini."

"To, ga shi an bar maka."

Ta sauka. Ya koma taga ya tsaya yana kallo ta tsakanin labule. Tana fita taron ya buɗe mata hanya ya kuma rufe a bayanta. Tsohuwar nan ta fara yi mata faɗa da yatsa, faɗa sosai, sannan a tsakiyar faɗan ta sa hannu ta cire mata wani ganye daga ɗankwali. Wani ya kawo mata benci. Ta zauna a tsakiyarsu tana zana wani abu a ƙasa da kara, kawuna suka haɗu a kanta. Mutanen da suka jefi motarsa ke nan. Ita da suke zaton ta jawo musu asarar shekara guda, ga shi suna kare ta daga rana da jikinsu.

"Ranka ya daɗe shugaba," in ji Lauya daga bayansa, "kwalin nan fa ya fara tara tururuwa. Kuma maganarmu tana nan."

"Na ji."

"Na san ka ji. Tunatarwa ce."

Wata motar shiga daji, launin ƙasa, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta yi hon ba, amma mutane suka matsa da kansu. Wani mutum ya fito, gajere, mai furfura a gemu, cikin kakin da rana ta cinye launinsa. Ya buɗe bayan motar ya ciro wata doguwar jaka ta fata, ya rataya a kafaɗa. Likita ta miƙe tsaye daga bencin, karan ya faɗi daga hannunta. Mutumin ya ɗan sunkuyar mata da kai, ya wuce ta, ya nufi matakala.

Bai ƙwanƙwasa ba. Ya shigo ya ɗora jakar a kan teburin taro, ƙarfen da ke ciki ya yi ƙara a kan katako.

"Sannunku. Hukumar gandun daji ce ta turo ni. Wane ne shugaba a nan?"

Baba ya nuna da sandarsa. Lauya ya nuna da haɓa, ya ja kujerarsa baya kaɗan.

Baƙon ya auna Mataimaki da ido daga hula har takalmi.

"Garken bai koma daji ba. Yana cikin kwari, uwar tana fuskantar gonakin kudu, kuma giwar da ta ɗanɗana masara ba ta mantawa. Bisa yarjejeniyarmu da ku, ba na harbin dabba a gefen gandun nan sai shugabanku ya ce in harba, da bakinsa, a gaban manoma." Ya zuge zif ɗin jakar har ƙarshe. "Kafin nan kuma zan so in ga mutanen da suka kwashe amyoyin. Na tsaya a kasuwa, an ce mini a nan zan samu wanda ya san su."

Aka ji takun takalman roba suna hawowa matakala da gudu.